Maganin da Aka Hana Inna

Tambuwal, 9 ga Yuli

Yaya Armaya'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Umaima da yara da mutanen Kebbe. Yaya damina?

Na rubuto ne saboda ka daina ɗaukar wayata. Jiya na je Sanyinna duba Inna, na iske kwalin maganinta na tsinka jini ba a taɓa ba. Wai kai ka hana ta sha, tun ranar da ta yi haɓon da ya jiƙa mata zane.

Ni ma haɓon ya tsorata ni. Amma kana zaune likita ya yi mana bayani a Sakkwato: zuciyarta ba ta bugawa daidai, jini kan daskare a ciki, gudan ya haura ƙwaƙwalwa. Ya ce in jini ya zuba a komo wurinsa, kada a tsai da magani da ka. Na roƙe ta mu koma, ta ce ba ta tsallake maganar babban ɗanta. Shekara tara nika aikin jinya, amma a wurinta har yau auta ce ni. Don Allah ka kira ta.

Ƙanwarka,
Safara'u

Sanyinna, 2 ga Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kuna lafiya.

Ka riga ka ji a bakin mutane. Inna tana tsinkar yakuwa a bayan gida ta faɗi. Gefen dama ya shanye, baki ya karkace. Kwana fuɗu munka yi a asibiti. Likita ya tambayi wanda ya tsai da maganin, na bar shi yana kallona da rigar aikina.

Ya ce ko mai shan maganin bai da tabbas, akwai waɗanda shi ke sa jini ya ɓalle masu a ka. Na san za ka rungumi wannan maganar ka samu barci. Ban ɓoye maka ba, don gaskiya ce. Ni dai ba ta sanyaya mini rai ba.

Na ajiye aiki na tare a nan. Ni ke juya ta, ni ke yi mata wanka. Kalma guda ta rage a bakinta, sunanka, kuma da shi take kirana. Ka zo ka amsa da kanka, na gaji da amsawa a madadinka.

Ka huta lafiya.
Safara'u