'Yar Azagor Ba Za Ta Kasuwa Ba

Maigida, sallama da gaisuwa. Na san takardar nan ba za ta zo hannunka ba, amma wa zan fara faɗa wa in ba kai ba?

Ka bar ni da gwiwar ƙarfen da aka sa mini a Yamai, tana ci kamar an zuba garwashi. Ka tuna ranar da ka sa ƙarfe a wuta za ka yi mini lalas, yadda kake ƙona wa raƙuma ciwonsu? Hannunka ya kasa. Ka zagaya bayan rumbu kana share ido da rawani. Na gan ka, Maigida. Ban taɓa gaya maka ba, ranar na ƙara son ka.

Bayan rasuwarka jar saniyarka, 'Yar Azagor, ta haihu. Ka san halinta, ba ta sakar wa kowa nono sai ni, ni kuwa ko garke ba na iya kaiwa. Ta harbi matar ɗanmu Auta da ta je tatsa, ta fasa ƙwarya. Auta ya ce ba a ciyar da saniyar da ba a tatsa, zai kai ta kasuwar Dakoro. Laifinsa ne? Amma ita kaɗai ta rage cikin shanun da ka kiwata da hannunka.

Sai na koma Yamai. Dokotoro ya ce ƙarfen lafiya lau yake, jijiya ce ke ƙarya tana kukan ciwo. Ya sa mini wata waya siririya ƙarƙashin fata, da ɗan akwati mai pil, wato batir, da nike mannawa a cinya. In na kunna, sai in ji kamar tururuwa na tafiya, zafin ya lafa. Ashe wutar da ka so sa mini ce ta zo, sai dai wannan ba ta ƙuna.

Jiya da safe na taka har garke ba sanda. Tsugunno ya fi ƙarfina, sai na zauna kan kujera. 'Yar Azagor ta shinshina ni, ta lashi ɗanta, ta saki nono. Ƙwarya ta cika har kumfa. Wallahi na yi guɗa, tsofai-tsofai da ni!

Auta ya sha, ya goge baki, ya kwance igiyar kasuwa daga ƙahonta da kansa.

Allah ya kai haske kabarinka. Saniyarka na nan gida.

Taka, mai tatsar 'Yar Azagor.