Igiyar Lilon Latifa

Abijan, 1993

Yaya Muktari, wa ya kwance igiyar lilon Latifa?

Bayan haka, ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Yaya mutanen Kalfu? Ni lafiya lau, ban da tarin da ke hana ni barci, amma kada Inna ta ji.

Ka san aikina gadin filin wasan yara ne. Ran Lahadi wuni nake ina tura 'ya'yan mutane a lilo suna dariya, ɗiyata Latifa kuwa shekararta huɗu, ko muryarta ban sani ba. Shi ya sa na aiko igiya a ɗaura mata a icen ƙofar gida. Yanzu direban da ya kai saƙon ya ce min igiyar tana jan guga a rijiyar Kawu Attahiru, yarinya kuma kullum tana gindin icen tana ɗaga kai.

Na san ruwa ya yi wuya, amma yau ko shugaban ƙasa ana yi masa tambaya a rediyo, balle Kawu.

Allah ya ba ku damina mai albarka. Ka karanta wasiƙar nan, ban da zancen tarin, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, Kawu ya amsa gaban jama'a: yaushe igiyar za ta koma ice?

Ƙanenka,
Almustafa