Latas a Cikin Kwalba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, ta yi sauƙi?

Yaya, raina a ɓace yake. Kin san rumfar ledar da nake koya wa ɗalibaina noma ba ƙasa, inda latas da tumatir ke tsirowa cikin bututu, saiwarsu na shan ruwan da muka zuba wa sinadarin abinci. To, mai gadinmu, dattijon kirki, tausayin shukar ya kama shi. A ganinsa yunwa take ji. Bawan Allah ya kwaso ƙasa da kashin awaki ya ɗura mana cikin bututun! Injin ruwa ya toshe, rabin latas ɗin ya kwanta. Na rasa kuka zan yi ko dariya.

Shugaban makaranta kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Dama so yake ya mai da rumfar ma'ajiyar karyayyun kujeru. Wai noman da ba a duƙa ba wasan yara ne. Na faɗa masa ido da ido, ba zan kwashe shukar yarana saboda kujeru ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, na ji daɗin jin Inna ta fara takawa. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce in yi haƙuri kada in rasa aikina. Wallahi na ƙi. Mun wanke bututun tas, har da mai gadin, yana ta ba mu haƙuri. Duk da haka Shugaba ya kawo kwaɗo ya garƙame rumfar.

Kafin ya kulle, yaran sun zare shukar da ta rayu, kowa ya sa tasa cikin kwalbar ruwa. Na auna musu sinadarin, na nuna musu yadda ake canja ruwan. Yanzu tagogin ajina kore shar, sauran kuma sun tafi gidaje.

Jiya na ga 'yar Shugaba, ɗalibata, ta shiga motarsa rungume da kwalbarta, tana gargaɗinsa ya tuƙa a hankali kada ruwan ya zube. Sai ya je ya sa wa gidansa kwaɗo mu gani.

A gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta