Nauyin 'Yar Kwalba

Litinin, 3 ga Maris
Daren farko bayan gama horo. Daga ni sai ƙugin firij a ɗakin magani. Da rana mu shida ne, kowa na duba aikin ɗan'uwansa. Yanzu in na yi kuskure ba mai ce mini tsaya. Umma ta ce duk karatun nan ashe gadi na karanta. Tun yau na roƙi Oga ya mayar da ni aikin rana da zarar an samu gurbi.

Alhamis, 6 ga Maris
Sistar ɗakin jarirai ta bugo waya daga sama. Wata bakwaini ce a kwalbar ɗumama jarirai, cuta ta shiga jininta. Da nauyinta ake auna maganin, don haka kullum sai an ɗora ta a sikeli an faɗa mini kafin in haɗa. "Giram ɗari tara, ƙanwata. Ki bi a hankali." Ledar sukarin da ke kicin ɗinmu ta fi ta nauyi. Abin da na ja a sirinji bai kai ɗigon hawaye ba. In ya ƙaru ƙodarta ta taɓu, in ya ragu cutar ta ci ƙarfinta. Na yi ta maimaita lissafi. Ikon Allah, ran mutum guda a ɗan wannan tsakanin.

Asabar, 8 ga Maris
Nauyin jaririyar ya ragu. Abincin da na zo da shi haka na mayar da shi gida.

Laraba, 12 ga Maris
Ban taɓa ganinta ba, don ba a barin tagar ba da magani. Masinja ke hawa da maganin. Na sa mata suna 'Yar Kwalba. Sista ta ce uwar na nan kan kujerar roba tana tatsar nono a ɗan kofi, ba ta ko runtsawa. Yau nauyin ya fara hawa. Sai ga ni ina yi wa firij albishir.

Lahadi, 23 ga Maris
Sista ba ta bugo ba. Na shirya sirinji, na goge tebur, na zauna. An karɓi maganin mai haɗarin mota, an karɓi na mai naƙuda, ita shiru. Ba wanda ya gaya mini wannan a wurin horo: a ɗakin magani, wanda ya warke da wanda ya rasu iri ɗaya suke ɓacewa, kawai sai a daina neman maganinsu. In ɗauki waya in ajiye, in ɗauka in ajiye. Tsoro nake ji, gaskiya. Ban so in ji da kunnena.

Litinin, 24 ga Maris
Da na miƙa aiki da safe, maimakon in nufi ƙofa sai na hau bene. Sista ta gane muryata.

"Au, ke ce ta ƙasa? Jiya ina hutu, shi ya sa. Likita ya tsayar da maganin, jininta ya fito tas."

Ta ja ni gaban kwalbar. Tafin ƙafar jaririyar bai kai babban yatsana ba. Ƙirjin na hawa yana sauka, jijiyoyi kamar zare a ƙarƙashin fata. Duk abin da na haddace kan ƙoda da hanta, ga shi yana aiki a cikin abin da tafin hannuna zai ɗauka.

Uwar ta tambayi ko wace ce ni. Sista ta ce, "Mai auna mata magani." Matar ta kama hannuwana biyu, ta juya su tana kallo. A matattakala na yi kukana.

Talata, 1 ga Afrilu
Oga ya ce gurbin rana ya samu. Na ce a ba wani, cunkoson motocin safe ne ba na so. Umma ta kalle ni ta wutsiyar ido ta ce, "To, mai gadi." Cunkoson ne dai, ba wani abu ba.

Ɗazu Sista ta bugo. Namiji ne wannan karon, giram ɗari takwas da hamsin. Na riga na wanke hannu.