Kwanon Baba

Nguru, Janairu 1988

Ƙawata Nwamaka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Mama kuna lafiya. Tunda aka mayar da Mama aikinta na nas asibitin Gashuwa kuka tashi, ba ni da abokin hira sai littattafan soyayyar da kika bar min. Duk sanda jirgin ƙasan Kano ya yi kuka sai in tsaya da wanke-wanke, ni kaina ban san wa nake jira ba.

Baba ne ciki ke damunsa. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba shi magani. Don Allah ki tambayar min Mama, ni nauyinta nake ji.

Taki har kullum,
Hadijatu

Gashuwa, Fabrairu

Ke sarkin mafarki,

Muna gaishe ku. Jirgin nan shanu yake ɗauka, ba samari ba, ki gama wanke-wankenki. Mama ta ce tambayarta ɗaya ce: yana cin abinci? In loma kaɗan ke ƙosar da shi, kada a jira. Akwai likita a Zariya da ke zura siririn tiyo mai fitila ta maƙogwaro ya leƙa cikin. In ciwon daji ne kuma bai wuce ɗan tsiro ba, wani sa'in ta tiyon ake tsinke shi, ba yanka. In kuwa yana ci sosai, ya ci gaba da maganinsa a gani.

A gaida Inna.
Nwamaka

Nguru, Maris

Nwamaka,

Ina gaisuwa, ki yi wa Mama godiya. Hankalina ya kwanta. Ni nake kai kwanonsa ƙofar gida inda suke ci da maƙwabta, kullum wayam yake dawowa, ko miya ba ta saura. Ya ɗan faɗa, amma Inna ta ce wahalar lodin shanu ce a tasha.

Taki,
Hadijatu

Nguru, Yuni

Nwamaka,

Ina gaisuwa. Baba ya faɗi a tasha, ya yi aman jini.

Da Baba Yuguda maƙwabcinmu ya zo dubiya, ya tsaya bayan zana yana ba Inna haƙuri. Wai tun kaka Baba loma biyu yake yi ya wanke hannu, ya ce ya ci a kasuwa. Su kuma sai su cinye nasa, don kada kwano ya koma ciki da saura a ce an raina girkin Inna. Cewa ya yi, "Wallahi kara muka ɗauka muna yi muku."

Kwano na duba, Nwamaka. Shi ban iya ɗaga ido in dube shi ba, kin san yadda muke. Da ma na tsaya ko sau ɗaya na ga hannun wa ke shiga.

Gobe Kawu Abbagana zai kai shi Zariya. Ku sa mu a addu'arku ta coci, mu ma muna yi.

Hadijatu

Nguru, Agusta

Ƙawata,

Na ga saƙonki, Allah ya bar zumunci. An zura tiyon. Likita ya ce abin ya yi saiwa, ya wuce na tsinkewa, ya wuce na yanka. Sun dawo gida.

Jiya ina shara Baba ya kira ni da sunana. Ni ce ƴar fari, a wajenmu uba ba ya faɗin sunan ta fari, tunda nake ban taɓa jinsa a bakinsa ba. Sai da ya sake kira na amsa. Na ɗauka da wata yake.

Ki gaida Mama.
Hadijatu