Rasuwar Farfesa Dafina Tasheva da Alƙawarin Tudun Slivets

Cikin alhini, da zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya, Shugaba, Majalisar Amintattu da ɗaukacin mambobin Ƙungiyar Masu Binciken Tsoffin Kaburbura ta Kwarin Tundzha, a nan Bulgariya, suka sami labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, shugabar wannan ƙungiya ta farko, Farfesa Dafina Tasheva, wadda ta cika ranar Litinin a gidanta bayan gajeriyar jinya, tana da shekara saba'in da huɗu, aka kuma yi jana'izarta jiya.

Marigayiyar ta shafe fiye da rabin rayuwarta a durƙushe cikin ramuka, da ɗan cokali da burushi a hannu, tana nazarin yadda mutanen da suka riga mu zama a kwarin nan suke binne matattunsu. Ita ta koya mana mu duba inda kan mamaci ya fuskanta kafin mu duba abin da ke wuyansa, mu kuma tambayi dalilin da ya sa aka fasa tulu da gangan a bakin kabari. In ɗan jarida ya tare ta da tambayar ina zinariya, takan ce ya tafi kasuwa wurin maƙera, a nan mutane ne ke kwance. Ba ta taɓa ɗaga ƙashi ba sai ta zuba ruwa da ruwan inabi a ƙasa, ta ajiye dafaffiyar alkama a gefe, kamar yadda kowannenmu yake yi wa iyayensa da suka rasu. Ɗalibai sun sha yi mata dariya a bayan ido, ita kuma ta sha kiran masu gaggawa a cikinmu ɓarayin kabari masu digiri, kuma yawancin manyan daktocin da ke kuka a yau sun amsa wannan suna.

Ya zama dole mu ambaci aikinta na ƙarshe, domin shi ne ya hana mu zaman makoki cikin natsuwa. Lokacin da sabuwar hanya ta nufi tsohon tudun da ke bayan ƙauyen Slivets, Farfesa ta tono waɗanda ke kwance a cikinsa tun fiye da shekara dubu biyu, har da wata mace da aka binne rungume da jaririnta. Mutanen ƙauyen ba su yarda a taɓa tudun ba sai da ta tsaya a ƙofar cocinsu, a gaban Fada Serafim da dattawan gari, ta yi alƙawarin cewa aro ta ɗauka, da zarar an gama nazari za ta mayar da kowa cikin ƙasa, kansa na duban inda yake duba da can. An gama nazarin tuni. Ƙauye ya ba da fili a gefen maƙabartarsa, samari sun haƙa rami sun rufe da katako. Abin da ya rage sa hannu ne daga wani ofishi a babban birni, inda ta yi ta zarya da sandarta har ƙafa ta gaza, kullum ana ce mata mai sa hannun ya fita taro. Mutanen tudun suna nan cikin kwalaye a kan kantoci, a ɗakin ajiyarmu na ƙasa, ga sanyi ya kawo jiki, in ƙasa ta daskare kuwa sai wata shekarar.

Jiya mutanen Slivets suka cika mota suka zo jana'iza, kuma kamar yadda aka saba, kowa ya sa ɗan saƙonsa cikin akwatin gawa don marigayiyar ta kai wa nasa da suka riga mu gidan gaskiya: wannan safar ulu, wancan karan taba. Iya Stoyna, wadda ta shekara uku tana dafa wa ma'aikatanmu miyar wake, ta zo da tuffa biyu. Ta sa ɗaya ta ce ta mijinta ce, a gaya masa rufin ɗaki har yanzu yana yoyo. Ta biyun ta matar tudun nan mai jariri ce. Ta riƙe ta a kan akwatin, ta daɗe, sai ta janye hannu ta ce aiken banza ne, Dafina za ta je ta tarar ba kowa, tunda matar tana cikin kwali a ɗakin ajiyarmu. Ta juyo ta danƙa mini tuffar, ni mai rubuta wannan takarda, ta ce ɗan nan, kai da ka iya rubutu, riƙe ka kai mata da kanka. Na karɓa.

A madadin Shugaba, Farfesa Yordan Kehayov, da Majalisar Amintattu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mijinta, Injiniya Radoslav Tashev, da 'yarta, Dakta Nevena Tasheva, da jikokinta, da ɗalibanta na gida da waje, da jama'ar Slivets waɗanda suka riƙe ta tamkar 'yar gari. Ubangiji Allah ya gafarta mata, ya sa ƙasa ta yi mata sauƙi, ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi, ya dafa musu a ranakun da gida zai yi shiru.

Majalisa ta yanke shawarar ba za a yi taron jawabai ko a kafa allon tunawa da ita ba tukuna. Daga gobe, mambobi za su riƙa zama bi da bi a ƙofar ofishin nan har mai sa hannu ya dawo daga taronsa, domin a ranar addu'ar arba'in ɗinta muna so mu je Slivets da kwalayen nan, mu ɗage katakon, mu mayar da abin da ta aro. Muna roƙon duk mai faɗa a ji ya sa baki. Tuffar Iya Stoyna tana nan kan teburina, kuma ta fara yanƙwanewa.

Sa hannu:
Dakta Lachezar Mutafov
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Masu Binciken Tsoffin Kaburbura ta Kwarin Tundzha