Hunturu a Ƙaramin Garin Tato

Verba, Saskatchewan
Farkon Nuwamba

Zuwa ga Yaya Lesia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Graham da yara. Kin ce in riƙa kiranki a waya. Kin san ni da waya, i'ina ke riƙe mini harshe har ki gaji ki ce sai an jima. A takarda kuwa ba na sarƙewa, sai dai ki yi haƙuri da rubutun.

Ran Lahadi na je gidan tsofaffi wajen Tato. Mahaifin namu yana nan da ƙafarsa, amma ya daina gane ni. "Direba" yake ce mini, wai ni ne mai kawo musu burodi. Na nuna masa hotonki, ya ce kyakkyawa ce, 'yar gidan waye? Sai na nuna masa hoton ƙaramin garin katakon da ya gina a ɗakin ƙasa, kwaikwayon garinmu na dā. Yaya, zama ya gyara. Ya ɗora yatsa yana lissafowa: ga rumbun alkama kafin a rushe shi, ga tashar jirgi, ga shagon kakanmu, ga cocin da aka ɗaura musu aure da Mama. Ya daɗe yana magana, har da dariya. Marisol, mai kula da shi, ta ce rabon da ta ji muryarsa haka tun bazara.

Na ƙudura zan kai masa ɓangaren ƙarshe na ƙaramin garin, layin coci, ya gani da idonsa tun da sauran abin da zai gane. Matsalar ita ce bai fesa masa banish ba, ruwan nan da ke bushewa ya riƙe launi. Tsatsar rufin kwano da ƙurar bango, duk garin alli ne ya shafa da burushi. Ko numfashi mutum ya yi da ƙarfi sai ya tashi, balle a ɗora a mota a kan hanyar nan tamu.

Ina kwalin banish ɗinsa? Wanda yake ajiyewa a kabad ɗin kicin kusa da fulawa, yana juya kwalaben duk Lahadi bayan coci, Mama tana cewa wata rana sai ta zuba masa a miya. Na duba, ba ya nan. Ke kika share kicin bara da muka kai Tato gidan tsofaffi.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanenki,
Orest

*

Vancouver
Tsakiyar Nuwamba

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya, ruwan sama ne dai kamar an manta famfo a buɗe.

Kwalin yana gareji, bayan injin yankan ciyawa. Ni na kai shi. Wane mai hankali ne ke ajiye sinadari kusa da abinci? Ka je kanti ka sayi sabo, ba zinariya ba ce.

Orest, ka ji ni da kyau. Saurayi kamarka, kana zaune a gidan da babu kowa sai kai da jiragen roba. Mutumin nan ya san lambar kowane tarago, amma ranar da na gama sakandare yana ɗakin ƙasa yana manna wa coci taga. Yanzu kai ma ka bi shi ka sauka. Graham ya ce akwai aiki a ma'ajiyar kayansu, ga ɗaki a wajenmu. In ƙanƙara ta narke a sa gidan a kasuwa. Garin katakon kuwa a ba coci, ko a ba yara, ko a ba murhu.

Ka riƙa cin abinci na kirki, ba na gwangwani kullum ba.

Yayarka,
Lesia

*

Verba
Ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga Yaya Lesia,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Maganar aiki na ji, na gode wa Graham. A bar ta tukuna.

Na sami kwalin inda kika ce. Kin tuna sanyin bara, wanda ya fasa bututun ruwan makaranta? To a cikinsa kwalaben suka kwana. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya a teburin kicin. Ruwa ya taso sama, ƙasa kuma gudaji, sak cukun da Mama ke cusawa a ƙullin fulawa in tana perohe. Kwalba ɗaya ce kawai, wadda ke tsakiyar kwali, ta yi kamar ba abin da ya same ta.

Na ƙunshe ta cikin rigar sanyi na tafi wajen Mista Friesen, wanda yake da shagon kayan ƙananan jirage kafin ya rufe. Na same shi a shagon kofi, shi da Elmer Sawchuk, sun baje kamar kullum.

"A'a, ɗan Myron! Me ka rungumo haka kamar jariri?"

Na miƙa wa Mista Friesen kwalbar. Ya ɗaga ta wajen haske, ya girgiza ta a kunnensa.

"A waje ta kwana?"

Na ce, hunturu guda.

"To ka yi mata addu'a ka binne ta."

Elmer ya ce, "Kai hunturu nawa matarka ta bar ka a waje? Ga ka nan kana shanye kofin mutane."

"Ni da barasa a jinina, tsohon banza. Ita ruwa ne zalla."

Daga nan ya daina dariya. Ya ce banish na ruwa in ya daskare sau ɗaya ya mutu, ko da fuskarsa ta nuna lafiya. Akwai wani farin gari a cikinsa mai kashe ƙyalli, shi ke kwantawa a gindi ya dunƙule, shi ya sa Tato ke juya kwalaben. Na ce to in sayi sabo? Ya ce masu yin wannan sun daɗe da rufewa, na yanzu kuma cinye alli suke, ka fesa tsatsar ta ɓace kamar ba a yi ba. "Ubanka da wannan ya auna launinsa. Shi ya sa ya sayi kwali guda, ya ce zai kai shi kabari."

Elmer ya zaro cokalin roba daga cikin kofinsa, ya goge a wando, ya ba ni. Haka masu wannan aikin suke yi dukansu, ba a fesa wa aiki sai an fesa wa bayan cokali. Na tace banish ɗin da tsohuwar safar Mama, na fesa, ya bushe garau. Mista Friesen ya ce wannan na saman kwalba ne, in jira ya sake kwantawa in gwada na gindi.

Amma Marisol ta ce Tato ya fara ture faranti, barci ya fi yawa. Jira na mai lokaci ne. Gobe zan fesa.

Ki shafa mini kan yara.
Orest

*

Vancouver
Farkon Disamba

Auta,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a cikin bas har na wuce tashata.

Wancan tsohon Friesen yana nan da bakinsa ashe. Kada ka fesa komai. Na je wani shago a nan, na sayi kwalba uku mafi tsada, na sa a gidan waya jiya. Yaron shagon ya rantse ba sa cin alli. In ya yi ƙarya zan koma in ci masa mutunci.

Kafin a haife ka ni ce mai juya kwalaben nan. Tato kan ɗora ni a kujera, ya ce a hankali, kamar ana juya ƙwai a ƙarƙashin kaza. In na gama ya ba ni alewar na'ana'a daga aljihun rigar cocinsa. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka wasa ne ya ƙirƙiro don ni.

Ba za su ba ni hutu ba sai bayan Kirsimeti. Ka gaya masa ina zuwa, ko da ba zai san wa ake nufi ba.

Ka kula da kanka.
Lesia

*

Verba
Tsakiyar Disamba

Zuwa ga Yaya Lesia,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta tarar na riga na fesa.

Da farko lafiya lau. Na fara daga shagon kakanmu, ina tafiya a hankali. Ina kaiwa coci kwalba ta yi ƙasa. A jiƙe ba a ganin komai. Da ya fara bushewa sai na ga rufin coci yana yin toka-toka, sannan fari. Ya bi bishiyoyi, ya bi titi, ya hau tagogi. Ina tsaye ina kallo, ba abin da zan iya. In na goge, allin Tato zai tafi tare da shi. Mista Friesen ya zo ya gani, ya cire hula kawai. Gara ma da ya zage ni.

Saƙonki ya iso, na gode. Ya sha tafiya a bayan motar gidan waya, ya kuma yini a akwatin bakin titi ina wajen aiki. Duka ukun sun daskare, sun zama dutse.

Na kai wa Tato layin cocin a haka. Ni da Marisol muka ɗora a teburin gadonsa, ta tashe shi, ta sa masa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Bai nuna shago ba, bai nuna coci ba. Ya ja bargo har wuya.

Ya ce, "Har ƙanƙara ta sauka? Bana da wuri."

Na ce, Tato, ga layin coci, ga gidanmu.

"Kai direba, za ka bi ta wajen gidan Myron Hrycak?"

Na ce zan bi.

"Ka ce wa Lesia ta duba kwalaben nan, kada wani ya fitar da su waje. Sanyi kashe su yake. Ita za ka gaya wa, ita ce mai hankalin."

Daga nan ya juya wajen bango. Marisol ta ce tun ranar bai sake magana ba, ruwa ma sai da cokali. Garin yana nan a gefen gadonsa, ba ya kallonsa.

Na yi ta tunanin ko in gaya miki ko in bari. Amma saƙo ne aka ba direba, ga shi na kawo.

Ki gaida Graham.
Orest

*

Vancouver

Orest,

Saƙo ya iso.

Kada ka zubar da kwalaben, har da nawa ukun. Ka mai da su kabad ɗin kicin kusa da fulawa. Na san sun mutu, ba sai ka gaya mini ba.

Ran Lahadi kada ka taɓa su. Ka bar mini.

Yayarka,
Lesia